Giyayyar Bakin Gulbi: Abin da Na Gano a Jibiya

A shinge na uku bayan na bar Katsina, jami'in da ya tsayar da ni ya ce in buɗe bayan mota. Na buɗe. Ya leƙa yana tsammanin jarkar fetur ko buhun masara, irin kayan da aka saba kamawa a wannan hanya, sai ya tarar da ledoji bakwai cike da ƙasa, kowace ɗauke da ɗan tsiro da bai wuce kamu guda ba. Ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Malam, mangwaro ne?" Na ce masa giyayya ce. Ya maimaita sunan a hankali kamar mai koyon baƙon harshe, ya tambaya ko ana cin 'ya'yanta. Da na ce ba a ci, sai ya yi dariya ya rufe mini ƙofar da kansa, ya ce Allah Ya ba da sa'a. Bahaushe ne, matashi, kuma daga lafazinsa ɗan wannan yanki ne. Duk tsawon sauran tafiyar ina ta juya abin a raina: yaron da aka haifa a ƙasar gulbi, bai taɓa jin sunan itacen gulbi ba.

Daga birnin Katsina zuwa Jibiya tafiyar kimanin kilomita 45 ce, ka bi ta Daddara ka isa Magama, inda hanya ta rabu biyu. In ka miƙe, ka shiga garin Jibiya. In ka karkata arewa, ga ofishin kwastan da na shige da fice, daga nan sai Ɗan Isa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Lokacin kaka ne, gero ya sha yanka, damma sun cika gonaki, dawa kuma tana jiran a karya ta. A Magama manyan motoci sun yi layi, 'yan canji suna kaɗa damman naira da sefa, masu babura suna kiran fasinja da sunayen ƙauyukan da rabinsu ke wannan ƙasa, rabinsu ke waccan. Duk wanda ya zauna a rumfar mai shayi na minti goma zai ji hirar iyaka: yadda aka rufe ta a watan Agustan 2019 har zuwa Afrilun 2022, yadda aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, da kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai ratsa ta nan. Hirar ruwa kuwa ba a cika yin ta ba, alhali shi ne matafiyin da ya fi kowa daɗewa yana ƙetare wannan iyaka, ba tare da ya tsaya an duba masa takarda ba.

Kogin Gada yana tattaro ruwansa ne daga ƙasar Katsina, ya zo ya taru a madatsar ruwa ta Jibiya, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1980 domin noman rani da ruwan sha, mai iya riƙe ruwa mita miliyan 142 a ma'aunin cikin tafki. Daga nan ya gangara arewa ya shiga Nijar, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi. Ya wuce ta ƙasar Madarumfa, ya bi gefen birnin Maraɗi, ya lanƙwasa yamma, sannan ya komo Nijeriya ta Jihar Sakkwato ya zuba a Rima. Turawan Ingila da na Faransa da suka kafa duwatsun iyaka a tsakanin 1906 da 1908 sun raba ƙasa, amma gulbin ya ci gaba da tafiyarsa yadda ya saba. Saboda haka ne ma ƙasashen biyu suka sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri a 1990 kan yadda za su raba amfanin ruwayen da suka haɗa su, kuma Gada da Gulbin Maraɗi suna cikin waɗanda aka ambata.

Jibiya garin kakannina ne na wajen uwa. A can nake hutun makaranta ina yaro, a gidan kawuna, wanda yake da wata 'yar fadama a ƙasan gari, inda wani tabki ke cika da damina ya haɗe da gulbi. Abin da na fi tunawa da wurin shi ne itatuwan da suka kewaye tabkin, suna tsaye cikin ruwa har iya ƙugu tun daga Yuli har Oktoba, kamar shanun da suka shiga sha suka ƙi fitowa. Balbelu suna kwana a kansu. Idan suka yi fure, wasu 'yan dunƙule-dunƙule farare masu ƙamshi, kukan ƙudan zuma har daga nesa ake jinsa. Da rani kuma, bayan ruwa ya janye laka ta tsage, sai dunƙulen su bushe su koma baƙaƙe-baƙaƙe, su ci gaba da reto a rassa har wata daminar. Muna tsinko su muna jifan juna. Ban taɓa ƙirga itatuwan ba, domin yaro ba ya ƙirga abin da yake ganin ba zai ƙare ba. Da na koma a wannan karon na ƙirga. Uku suka rage.

Giyayya itace ne da masana tsirrai ke kira Mitragyna inermis, dangin itacen kofi. Ana samunta tun daga Senegal har Sudan, kuma kusan ko'ina wurin zamanta ɗaya ne: bakin tabki, gefen gulbi, da kwarin da ruwa ke kwanciya a kan ƙasa mai laka. Ba ta cika tsayi sosai ba, sau da yawa takan tashi da gindi uku ko huɗu daga tushe guda. Ganyenta bibbiyu ne suna fuskantar juna, sabon toho kuma ja-ja ne. Tun da daɗewa magabata suna dafa ganyenta da ɓawonta don zazzaɓi, ana samun rini rawaya daga ɓawon, awaki da tumaki suna cin ganyen, ana yin rufin ɗaki da ƙananan sassaƙe-sassaƙe da itacenta. Likitan nan ɗan ƙasar Sikotilan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar Hausa ya kuma wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya tattara irin wannan sani daga bakin mutanen karkara. Abin takaici shi ne yau ɗalibi zai fi saurin samun sunan a littafin Bature da a bakin tsaransa.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne abin mamaki don itace ya tsaya cikin ruwa, ba ruwa ne abincinsa ba? Gaskiyar ita ce saiwa tana numfashi kamar yadda muke yi. A cikin ƙasa akwai 'yan ƙofofi cike da iska, daga nan saiwa ke samun iskar oksijin. Idan ruwa ya kwanta ya cike ƙofofin nan, iskar takan yi tafiya a cikin ruwa a hankali ƙwarai, kusan ninki dubu goma ƙasa da yadda take tafiya a sarari. Cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su cinye ɗan abin da ya rage, saiwa ta shaƙe ta fara ruɓa. Sai ka ga itace yana tsakiyar ruwa amma ganyensa yana yaushi kamar mai jin ƙishirwa, domin saiwar da za ta ja ruwan ta mutu. Itatuwan da Allah Ya halitta don fadama suna da dabarun tsira daga wannan: wasu suna buɗe 'yan ƙofofin numfashi a jikin ɓawo daidai saman ruwa, wasu suna fitar da sababbin saiwoyi kusa da fuskar ruwan inda iska ta fi yawa, wasu kuma cikin jikinsu akwai hanyoyin da iska ke bi ta sauka ƙasa. Giyayya tana da wata baiwa ta biyu da ta dace da ƙasarmu: bayan ta jure watanni a cikin ruwa, tana kuma jure dogon rani a kan busasshiyar laka mai tauri kamar dutse. Itatuwa kaɗan ne ke iya haɗa waɗannan biyun.

Na tarar da Kawu a gindin ɗaya daga cikin ukun, yana gyara ƙotar fartanya. Ya haura saba'in, amma har yanzu shi ke zagaya gonarsa kowace safiya. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kai ya ce, "To, Dakta, ka kawo su?" Ba ya kirana da wannan suna sai in zai tsokane ni. Na ce, "Na kawo, Kawu, amma bakwai kawai suka yi." Ya ce, "Bakwai ai sun fi babu. Taho in nuna maka abin da ruwa ya yi, sannan ka san inda za mu sa su."

Abin da ruwa ya yi kowa a Jibiya ya san shi. A daren 15 ga Yulin 2018, wayewar 16, aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya na sa'o'i, ruwa ya cika magudanai da rafuka ya afka wa unguwanni mutane suna barci. Fiye da mutum 40 suka rasu, gidaje sama da 500 suka lalace, dabbobi masu yawa suka tafi. Wasu daga cikin gawarwakin sai a ƙasar Madarumfa aka tsamo su, 'yan'uwanmu na Nijar suka taimaka wajen gano su. Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya zo jaje, tare da Gwamna Aminu Bello Masari. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. A wannan dare iyaka ba ta hana ruwa wucewa ba, ba ta kuma hana zumunci aikinsa ba.

Kawu bai rasa rai a gidansa ba, amma ya rasa ƙasa. Ya kai ni ƙarshen gonar inda gaɓa ta yanke kamar an sa wuƙa, ya nuna mini da sanda inda iyakarsa take a da, wurin da yanzu ya zama rairayin gulbi. Sannan muka taka gaba kaɗan zuwa inda giyayyu ukun suke tare da wata tsohuwar bagaruwa. A nan gaɓar tana nan daram. Ruwa ya wanke ƙasar sama ya tone saiwoyin, ga su nan a fili sun sarƙe da juna kamar saƙar taru, sun riƙe laka a tsakaninsu. Ya ce, "Ka gani? Nan da na bar icce, ƙasa ta tsaya. Can da na sare don in ƙara kunya biyar na tumatir, ruwa ya ɗauki kunyoyin ya haɗa da wasu ashirin. Ba wanda ya cuce ni, ɗana. Da hannuna na yi."

Dole in yi adalci a nan, kada ɗokin itace ya sa in faɗi abin da ba haka ba. Babu yawan giyayyar da za ta hana ambaliya irin ta 2018. Ruwan da ya sauka a daren ya fi ƙarfin kowane shinge na itace, kuma maganar gine-gine a kan hanyar ruwa da toshewar magudanai magana ce dabam mai buƙatar aikin hukuma. Abin da itatuwan bakin gulbi ke yi ya fi wannan sauƙi, amma yana da nauyi a rayuwar manomi. Saiwoyinsu suna ɗaure gaɓa kada ta zube. Gindinsu da ciyawar da ke tsirowa a ƙarƙashinsu suna rage gudun ruwa, shi kuma ruwa in ya rage gudu sai ya sauke lakar da ya ɗauko, gona ta ƙaru da taki maimakon ta ragu. Inuwarsu tana sa tabki ya daɗe bai ƙafe ba. Gaɓar da ta zube kuwa, ƙasarta ba ɓacewa take yi ba: tana tafiya ta cike gulbi a gaba, ta rage masa zurfi, wata shekara ruwan da bai kai na bara ba ya yi ɓarnar da ta fi ta bara. Wanda ya sare itace a Jibiya yana aika wa mutumin Madarumfa rairayi ba tare da ya sani ba.

Mutanen Maraɗi sun san wannan darasi tun kafin a haife mu. Birnin da Haɓen Katsina suka kafa bayan jihadi ya kore su daga Katsina a 1807, wanda har gobe sarkinsa ke amsa sunan Sarkin Katsina, asalinsa a cikin kwarin gulbi yake. Ambaliyar 1945 ta rushe shi, aka tashi aka koma kan tudu, inda birnin yake a yau. Ruwan da ya yi wannan aiki ta ƙasarmu ya bi ya je can.

Bayan ambaliyar, Kawu ya yi niyyar mayar da itatuwan da ya sare. Ya samo dashen dogon yaro guda ashirin, ya jera su a bakin tabki, ya yi ta wahalar ban ruwa da rani. Suka kama, suka yi kore shar. Damina ta zo ruwa ya kwanta a gindinsu makonni, kafin kaka duk sun bushe. Dogon yaro baƙo ne daga ƙasar Indiya, ya kuma yi mana rana a kan tudu, a tituna da makarantu da kasuwanni, amma ba ya jure kwanciyar ruwa. Kuskuren Kawu kuskuren da yawancinmu ke yi ne: mun ɗauka itace itace ne, duk wanda aka samu a sa. Tun daga aikin dashen itatuwa da Tarayyar Turai ta tallafa wa Jihar Katsina a ƙarshen shekarun 1980, har zuwa shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, hankalinmu ya fi karkata ga hamada da iska da rairayi, kuma da dalili. Sai dai ƙasar da hamada ke barazana gare ta da rani, ita ce ruwa ke ci da damina, kuma itacen da zai tare iska a kan tudu ba shi ne zai riƙe gaɓa a kwari ba.

Mafita ta zo wa Kawu ne daga ƙetaren iyaka. Wani surukinsa daga wajen Ɗan Isa ya zo biki, ya zagaya gonar, ya ga kututturan giyayyar da aka sare suna ta fitar da toho, ana ta sassabe su duk shekara. Ya ce masa ai itatuwansa ba su mutu ba, shi ne ke hana su tashi. Wannan ita ce dabarar da manoman Jihar Maraɗi ke kira sassabin zamani, wadda ta fara yaɗuwa tun wajen 1983, lokacin da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan ƙananan kurmin da ke cikin gonaki tohon tsofaffin kututture ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a dasa sabo, sai a zaɓi toho biyu ko uku mafi ƙarfi a kowane kututture, a yanke sauran, a riƙa rage ƙananan rassa na ƙasa, a kare su daga dabbobi. Tun da tsohuwar saiwa tana nan da zurfinta, tohon yakan yi saurin girma fiye da dashe. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar sun farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan fili mai faɗin kadada miliyan 5. Kawu ya bi shawarar. Ya nuna mini kututture tara da ya raya, wasu har sun fi ni tsayi. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Amma a inda gaɓa ta zube babu kututturen da ya rage, dole sai an dasa. Nan ne aikina ya shigo. A wata ziyara da rani ya cika mini aljihu da busassun dunƙulen giyayya, ya ce tun da ni ne mai karatu, in je in gwada. Gwajin farko ban samu ko ɗaya ba. Na murje dunƙulen na samu iri ƙanana ƙwarai, masu ɗan fiffike, marasa nauyi kamar dusa, na binne su kamar yadda ake binne gero, na kwarara musu ruwa da buta. Irin da ya kai wannan ƙanƙanta ba shi da ƙarfin huda ƙasa, kuma ruwan buta yana kwashe shi. A karo na biyu na tankaɗe ƙasar fadama da rairayi mai laushi a cikin tsohon kwano mai huda, na barbaɗa irin a sama ban rufe ba, na ɗan danna da tafin hannu, na ajiye kwanon a cikin faranti mai ruwa domin danshi ya riƙa hawowa daga ƙasa. Na sa shi a inuwa mai haske. Da suka tsiro suka yi ganye huɗu, na ɗauke su ɗaya-ɗaya da tsinke zuwa cikin leda. Kaji sun ci wasu, zafin bazara ya kashe wasu, mantuwata ta kashe wasu. Bakwai suka kai labari.

Wajen dasawa kuwa Kawu ne malami. Na nufi tsakiyar kwarin, inda na tuna itatuwan yarintata suna tsaye, ya dakatar da ni. Ya ce babbar giyayya ce ke iya tsayuwa a nan, domin kanta yana waje. Ƙarama in ruwa ya shanye ta gaba ɗaya ya daɗe, mutuwa za ta yi kamar kowane tsiro. Ya nuna mini layin da ruwan bana ya bari a jikin tsofaffin itatuwan, wani zane na busasshiyar laka da tarkacen ciyawa, ya ce a nemi wurin da ruwa ke zuwa amma bai wuce gwiwa ba. Shi ya sa ma ya ce in zo da kaka: ruwa yana janyewa, ƙasa tana da danshi, tsiron zai bi danshin da saiwarsa zuwa ƙasa, ya samu watanni takwas na girma kafin wata cikar. Muka haƙa ramuka da dagi, taku shida-shida tsakani. Muka yage ledojin ba tare da fasa ƙasar ba, muka sa kowane tsiro daidai zurfin da yake a leda, muka tara masa ɗan tudu. Bai yarda a zuba taki mai yawa ba, ya ce lakar gulbi ta ishe su. A tsakanin ramukan ya dasa tushen jema, ciyawar nan ta fadama mai dogayen saiwoyi, domin ta riƙe ƙasa kafin itatuwan su yi ƙarfi. A sama kaɗan, inda ruwa ba ya daɗewa, ya riga ya shuka bagaruwa, wadda sai an jiƙa irinta a ruwan zafi kafin ya tsiro saboda taurin ɓawonsa. Daga ƙarshe muka kewaye kowane tsiro da ƙayar magarya. Ya ce, "Ruwa ba shi ne abokin gabansu ba. Akuya ce, sai gatari." Ya ɗora wa jikansa aikin kai musu ruwa sau biyu a mako idan bazara ta yi tsanani, shekarar farko kawai.

Maganar gatari ba ta wasa ba ce. Rashin tsaro ya koro mutane da yawa daga ƙauyukan yamma da kudancin Jibiya zuwa cikin gari, dazuzzukan da ake zuwa itace sun zama wuraren da ba a shiga, kuɗin gas da kananzir sun fi ƙarfin talaka. Matar da ke da yara biyar da tukunya a kan murhu ba za ta saurari laccar zaizayar ƙasa ba, kuma ban ga laifinta ba. Abin da ya rage kusa da gari shi ne itatuwan bakin gulbi. Sai dai giyayya tana da sauƙin hali: in aka sare reshe aka bar gindi, tana sake tohowa. Ana iya cin amfaninta shekara da shekaru in an san yadda ake yanka. Abin da ke kashe ta shi ne a tone kututturen ko a ƙone shi don gawayi.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan itace ba, ba kuma mu kaɗai ke rasa shi ba. A gabashin Amurka akwai dangin wasu itatuwa da suke kira ash, waɗanda wasunsu ke rayuwa a cikin fadamu masu ruwa; akwai ma wanda gindinsa ke kumbura kamar kabewa saboda zaman ruwa, akwai kuma wanda 'yan asalin ƙasar ke saƙa kwanduna da shi tun kaka da kakanni. A 2002 aka gano wani ɗan ƙwaro kore mai sheƙi a yankin Detroit, wanda ya shigo daga Asiya, tsutsarsa tana cin ƙarƙashin ɓawon itacen. Ya kashe miliyoyin itatuwa, har a 2017 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya nau'i biyar na wannan itace cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. A wasu fadamun da itatuwan suka mutu, ruwa ya ƙara kwanciya, daji ya koma fili mai ciyawa. Su annoba ce ta zo musu daga waje, suna kashe dukiya mai yawa suna tattara iri suna adanawa. Mu kuwa tamu giyayyar lafiyarta ƙalau, irinta yana reto a rassa kyauta. Abin da ke cin ta buƙata ce da rashin kula, kuma duka biyun suna da magani a hannunmu.

Shawarata ga masu ruwa da tsaki ba ta da tsada. Wuraren renon itatuwa na gwamnati da na makarantu su ware wani kaso ga itatuwan fadama na gida, irin su giyayya da bagaruwa da kanya, a riƙa tambayar manomi inda zai dasa kafin a miƙa masa dashe. Masu unguwanni da dagatai, waɗanda suka san iyakar kowace gona, su jagoranci yarjejeniyar barin 'yan taku daga bakin gulbi ba tare da noma ko sara ba, kamar yadda aka san burtali da makiyaya. Sassan nazarin tsirrai da labarin ƙasa na jami'o'inmu su tura ɗalibai su ƙirga abin da ya rage a gaɓar Gada, su kuma yi hakan tare da takwarorinsu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke Maraɗi, tun da gulbin ɗaya ne. Malaman addini kuma su tuna wa jama'a cewa dashen itace sadaka ce mai gudana, kuma wanda ya riƙe gaɓa ya kare gonar maƙwabcinsa na gaba, ko da maƙwabcin yana wata ƙasa.

La'asar ta yi kafin mu gama. Muka yi alwala da ruwan tabkin, muka yi salla a gindin tsohuwar giyayya, balbelu suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Da zan tafi na ce, "Kawu, kana ganin nawa za su rayu?" Ya yi shiru yana duban 'yan shingayen ƙayar, sannan ya ce, "In huɗu suka yi, mun gode Allah. Ni dai ba zan sha inuwarsu ba, kai ma sai ka yi haƙuri. Amma in ka tashi dawowa da rani, ka taho da yaranka. Su zo su ga iccen, su ji sunansa." Ya sake cika mini aljihu da busassun dunƙule na bara.

A hanyar komawa na tarar da jami'in nan bai tashi daga aiki ba. Ya gane motar, ya leƙo yana murmushi, ya tambaya ko an dasa. Na ce an dasa. Na ciro dunƙule biyu na ba shi, na gaya masa kada ya binne irin, ya barbaɗa a sama kawai. Ya juya su a tafin hannunsa, ya ce a garinsu ma akwai wani tabki a bayan makaranta, zai tambayi mahaifinsa ko a da akwai irinta a wurin. Allah Ya raya abin da muka dasa, Ya kiyaye Jibiya da maƙwabtanta daga sharrin ruwa da na fari.